Yadda Ake Tara Fayafayan Jaz: Daga Horar da Kunne Zuwa Gane Bugun Farko

Da yawa daga cikin masu shiga harkar tara fayafayan jaz, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, suna farawa ne daga inda ya kamata a ƙare. Sukan ji labarin wani tsohon faifai na kamfanin Blue Note da aka yi rububinsa a wurin gwanjo, sai su shiga farautar tambari da lambobi tun kunnensu bai iya raba busar Hank Mobley da ta Sonny Rollins ba. A ganina wannan asarar kuɗi ce, kuma asarar daɗin kiɗan ce. Hanyar da za a bi a nan ta fara da sauraro, ta bi ta kan sanin makaɗa, sannan ta kai ga sanin kamfanoni da bugu, wato kowane karo da aka buga kwafin faifai a masana'anta, domin wanda ya san abin da yake so ya ji ba ya shan wahalar sanin abin da zai saya.

Mataki na farko: ka horar da kunnenka da fayafayai kaɗan

Kada ka fara da saye. Ka zaɓi ayyuka biyar ko shida, ka saurare su ta kowace hanya da ta sauwaƙa gare ka, ko ta intanet ko ta faifan CD, ka yi ta maimaita su har sai ka san abin da zai biyo baya kafin ya zo. Shekarar 1959 kaɗai ta isa ta ba ka mafari, domin a cikinta ne Kind of Blue na Miles Davis ya fito, da Time Out na Dave Brubeck, da Mingus Ah Um na Charles Mingus, da The Shape of Jazz to Come na Ornette Coleman, kuma kowannensu ya nufi wata alƙibla dabam. Ka haɗa da Saxophone Colossus, wanda Sonny Rollins ya ɗauka a 1956, da kowane tarin ayyukan Louis Armstrong na ƙungiyoyinsa Hot Five da Hot Seven, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1925 da 1928.

Yawancin kiɗan da ke cikin waɗannan fayafayai tsari ɗaya yake bi. Ƙungiya takan buɗe da amon da aka rubuta, daga nan makaɗa su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ƙirƙirar nasa nan take a kan zubin amon, a ƙarshe a dawo kan amon farko a rufe. Wanda bai san haka ba yakan ji kamar kowa yana yin abin da ya ga dama ne. Dabarar da ta fi saurin buɗe kunne ita ce ka saurari kiɗa ɗaya sau uku ko huɗu, kowane karo kana bin kayan kiɗa guda: yanzu mai ganguna kaɗai, sannan mai bas, sannan mai fiyano a lokacin da wani yake busa, ka ji yadda yake ba shi amsa ko yake ja baya ya bar masa fili.

Mataki na biyu: ka karanta bayan kwali, ka bi makaɗa

Wannan shi ne ginshiƙin harkar gaba ɗaya, kuma shi ne ya bambanta tara fayafayan jaz da tara na sauran kaɗe-kaɗe. A jaz, sunan da ke gaban kwali na jagoran zaman ne kawai. Sauran mutanen da suka yi aikin suna bayan kwali, kuma wanda ya zo a matsayin mai rakiya yau shi ne jagora a faifan gobe. Saboda haka duk faifan da ka so, ka rubuta sunayen duk waɗanda suke ciki, ka lura da wanda ya fi kama maka kunne, ka bi sawunsa.

Ga yadda abin yake tafiya a aikace. A Kind of Blue akwai Miles Davis, da John Coltrane da Cannonball Adderley a saksofon, da Bill Evans a fiyano, sai Wynton Kelly da ya karɓe shi a kiɗa ɗaya, da Paul Chambers a bas, da Jimmy Cobb a ganguna. Idan taushin hannun Evans ne ya ja hankalinka, zai kai ka ga Sunday at the Village Vanguard da Waltz for Debby, waɗanda aka ɗauka a rana ɗaya, 25 ga Yuni 1961, tare da Scott LaFaro da Paul Motian. LaFaro ya rasu a haɗarin mota ƙasa da mako biyu bayan wannan zama, kuma sanin haka yana sauya yadda mutum yake sauraron bas ɗinsa a waɗannan fayafayai. Idan kuwa Adderley ne ya burge ka, zai kai ka ga Somethin' Else na 1958, inda Miles Davis da kansa ya zo a matsayin mai rakiya, Art Blakey kuma yana kan ganguna. Blakey zai miƙa ka ga Moanin', wanda shi ma na 1958 ne, inda za ka haɗu da matashin mabushi Lee Morgan, shi kuma Morgan zai dawo da kai wurin Coltrane a Blue Train, wanda aka ɗauka a 1957, kuma a can za ka sake tarar da Paul Chambers. Ka ga daga faifai ɗaya ka samu guda biyar, kuma babu wanda ka zaɓa don wani ya ce yana da tsada.

Abu na biyu da za ka nema a bayan kwali shi ne ranar ɗauka, wadda sau da yawa ta bambanta da shekarar fitowa. A zama biyu kawai, ɗaya a watan Mayu ɗaya a Oktoba na 1956, ƙungiyar Miles Davis ta ɗauki kiɗan da ya cika mafi yawan fayafayai huɗu, wato Cookin', Relaxin', Workin' da Steamin', amma kamfanin Prestige ya riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1957 da 1961. Wanda ya jera su bisa shekarar fitowa zai ɗauka Coltrane ya koma baya a 1961, alhali busarsa ta shekaru biyar da suka wuce yake ji. Masu tara fayafayai na gaske da ranar ɗauka suke lissafi, kuma ya kamata ka saba da hakan tun da wuri.

Mataki na uku: ka san nau'o'in faifai da zamaninsu

An fara ɗaukar jaz a faifai a 1917, lokacin da ƙungiyar Original Dixieland Jass Band ta yi wa kamfanin Victor aiki a New York. Daga nan har zuwa ƙarshen shekarun 1940, faifan garmaho mai juyawa sau 78 a minti shi ne ake da shi. Da wani irin ƙaro mai saurin fashewa ake yin sa, kuma mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowane gefe. Shi ya sa manyan ayyukan Armstrong, da na Duke Ellington na farko, da waɗanda Charlie Parker ya yi wa kamfanonin Savoy da Dial duk gajeru ne. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan roba mai dogon zango, wanda ake kira LP, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda gefe ɗaya yake ɗaukar minti ashirin ko fiye. Wannan ne ya ba makaɗa damar miƙe ƙafa a ɗakin ɗauka kamar yadda suke yi a gaban jama'a.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar fayafayan 78 tukuna. Suna buƙatar allura ta daban wadda bakinta ya ninka na LP faɗi kusan sau huɗu, suna karyewa da ɗan faɗuwa, kuma kiɗan da ke cikinsu yana nan a tattare cikin LP da CD da aka gyara sautinsu da kyau.

Sai batun mono, mai fitar da sauti ta hanya ɗaya, da sitiriyo, mai raba shi hagu da dama. Fayafayan sitiriyo sun shiga kasuwa sosai a 1958, kuma kusan shekara goma kamfanoni suna fitar da aiki ɗaya a nau'i biyu. A farkon lokacin, sitiriyo yakan jefa masu busa can gefe ɗaya, ganguna can ɗaya gefen, shi ya sa mutane da yawa suka fi son mono na wannan zamani, wanda sautinsa yake dunƙule da ƙarfi. Wannan zaɓin kunne ne. Abin da ba zaɓi ba ne shi ne sitiriyon jabu: tsofaffin ayyukan mono da aka raba da na'ura don a sayar da su a matsayin sitiriyo. Yawanci akwai rubutu a kwali da ke nuna an sake sarrafa sautin ta hanyar lantarki. Idan ka ga aikin da aka ɗauka a farkon shekarun 1950 ko kafin nan an rubuta masa sitiriyo, ka ajiye shi.

Mataki na huɗu: na'urar juyawa

Ba sai ka kashe dukiya a nan ba, amma akwai ƙasan da bai kamata ka sauka ba. Ka nemi na'urar da ake iya daidaita nauyin hannunta, kuma ake iya sauya allurarta. Yawancin allurai suna aiki da nauyin da ke tsakanin giram 1.5 da 2.5, kuma ƙaramin sikeli na allura zai tabbatar maka kana kan abin da masu ƙera ta suka ce. Ƙananan na'urori masu kama da akwati, masu sifika a jiki, sukan danna allura da nauyi fiye da kima. Sautin faifai yana kuma buƙatar wata 'yar na'urar ƙara ƙarfi ta musamman kafin ya shiga amfilifaya, don haka ka duba ko taka tana da ita a ciki. Allura tana cinyewa bayan ɗaruruwan sa'o'i na aiki, kuma cinyayyar allura tana lalata tsagin faifai lalacewar da ba ta gyaruwa.

Mataki na biyar: kamfanoni da bugu

Kowane kamfani na wancan zamani yana da halinsa. Alfred Lion ya kafa Blue Note a 1939, Francis Wolff ya zo suka haɗu, kuma an san su da biyan makaɗa kuɗin atisaye kafin ranar ɗauka, abin da ake ji a tsaftar aikinsu. Prestige, wanda Bob Weinstock ya kafa a 1949, ya fi son a shigo a buga kawai, don haka ayyukansa sun fi sakewa. Riverside na Orrin Keepnews da Bill Grauer shi ne gidan Thelonious Monk da Bill Evans na wasu shekaru. Norman Granz ya kafa Verve a 1956, inda Ella Fitzgerald ta yi manyan ayyukanta. Impulse!, mai launin ruwan lemo da baƙi a gadon bayan kwali, shi ya fitar da A Love Supreme na Coltrane a 1965. A Los Angeles akwai Contemporary, wanda sautinsa yake cikin mafi tsafta na zamanin, a Jamus kuma Manfred Eicher ya kafa ECM a 1969.

Suna ɗaya da za ka yi ta cin karo da shi shi ne Rudy Van Gelder, injiniyan sautin da ya ɗauki yawancin ayyukan Blue Note da Prestige da Impulse! na wancan lokaci. Asalin sana'arsa gwajin ido da yin tabarau ce, kuma a falon iyayensa a Hackensack da ke jihar New Jersey yake ɗaukar sauti har zuwa 1959, lokacin da ya koma ɗakin da ya gina a Englewood Cliffs.

Faifai ɗaya ana iya buga shi sau da dama a shekaru daban-daban, a ƙasashe daban-daban, kuma masu tarawa suna girmama bugun farko saboda an yanka shi daga asalin tef tun yana sabo. Gane shi yana buƙatar duba wurare uku, kuma Blue Note ne misalin da aka fi nazari. Na farko shi ne adireshin da ke kan tambarin tsakiyar faifai: mafi tsufa a cikin LP masu inci 12 suna ɗauke da 767 Lexington Avenue, daga 1957 sai 47 West 63rd Street, a farkon shekarun 1960 sai New York USA kawai, bayan an sayar da kamfanin ga Liberty a tsakiyar shekarun 1960 kuma sunan Liberty ya bayyana a kan tambarin. Na biyu shi ne filin da babu kiɗa, tsakanin ƙarshen tsagi da tambari. Ka karkata faifan a gaban haske, za ka ga lambobi da haruffa: RVG ko VAN GELDER yana nufin Van Gelder ne ya yanka faifan uwa, wato na asali da ake buga sauran daga gare shi, wata 'yar alama mai kama da kunne kuma tambarin masana'antar Plastylite ce, wadda ta buga wa Blue Note fayafayai har zuwa 1966. Na uku shi ne wani zurfaffen zobe da ke zagaye cikin tambarin, wanda tsofaffin injinan bugu suke bari, kuma ya riƙa ɓacewa a farkon shekarun 1960.

Kada ka dogara da alama ɗaya. Kamfanin yakan yi amfani da ragowar tsofaffin tambura a kan sabon bugu, har a samu faifai mai adireshi iri biyu a gefensa biyu, kuma kwali da faifan da ke ciki ba lallai ne a ce tare aka haife su ba, domin masu sayarwa sukan haɗa kwali mai kyau da faifan wani bugu. Dole alamomin su yarda da juna, su kuma yarda da shekarar da aikin ya fito. Blue Train, mai lamba BLP 1577, ba zai taɓa zama bugun farko ba idan tambarinsa na ɗauke da sunan Liberty. Rumbun bayanai na Discogs yana jera bugu daban-daban na kowane faifai tare da abin da aka rubuta a filin da babu kiɗa, kuma yana da amfani ƙwarai, sai dai jama'a ne suke shigar da bayanan, don haka a kan faifai mai tsada ka gwada da wata majiya.

Bayan duk wannan, ra'ayina shi ne mai farawa bai da buƙatar bugun farko. Akwai sababbin bugu masu inganci da aka yanka daga asalin tef: jerin Original Jazz Classics da kamfanin Fantasy ya fara a farkon shekarun 1980 don ayyukan Prestige da Riverside da Contemporary, bugun Japan na kamfanonin King da Toshiba waɗanda aka san su da roba marar hayaniya, jerin Tone Poet da Blue Note ya fara a 2019, da akwatunan Mosaic masu tattara duk abin da makaɗi ya ɗauka a wani zango. Bugun farko ma ba kullum yake fin na baya daidai ba. A tsofaffin bugun sitiriyo na Kind of Blue, kiɗan gefen farko yana ɗan sauri fiye da yadda aka buga shi saboda matsalar injin tef, kuma sai a 1992 aka gyara. Ellington at Newport na 1956 kuwa, asalin LP ɗin ya haɗa da sassan da aka sake ɗauka a ɗaki, sai fitowar 1999 ce ta kawo cikakken wasan yadda ya gudana. Abin da ya kamata ka guje wa shi ne sababbin fayafayai masu araha waɗanda ba su faɗi inda suka samo sautinsu ba, domin da yawansu daga CD aka kwafo su.

Mataki na shida: duba faifai kafin biya

Masu sayarwa suna amfani da ma'aunin da mujallar Goldmine ta yaɗa. M na nufin sabo fil wanda ba a taɓa ba, NM wanda kusan babu aibi, VG+ mai ƙananan alamomin amfani da ba sa damun sauraro, VG mai hayaniyar da ake ji a wuraren da kiɗa ya yi sanyi, G kuma wanda ya sha wuya. Ana ba faifai nasa maki, kwali nasa. Ga jaz, inda fiyano da bas sukan yi ƙasa-ƙasa, VG+ shi ne matakin da ya dace ka tsaya a kai.

Idan faifan yana hannunka, ka fito da shi ta riƙe gefensa da tambarinsa, ka duba shi ƙarƙashin haske mai ƙarfi. Ƙarzuwar da farce yake ji idan ka shafa a hankali, allura ma za ta ji ta. Ka ɗaga shi daidai ido ka ga ko ya lanƙwashe. Ka duba kewayen ramin tsakiya, domin yawan zane-zane a wurin yana nuna an sha ɗora shi. Mafi haɗari shi ne cinyewar tsagi, wadda tsofaffin na'urori masu nauyin hannu suka jawo: faifan yana iya sheƙi, amma tsaginsa ya yi fari-fari, kuma duk lokacin da mabushi ya ɗaga sauti sai ka ji yana tsagewa. Wanki ba ya magance wannan. Saboda haka in akwai hali ka nemi a ɗora maka shi, ka saurari wurin da busa ta fi ƙarfi da kuma kiɗan ƙarshe na kowane gefe, inda lalacewa ta fi bayyana. In daga nesa kake saye, ka nemi hoton tambari da na filin da babu kiɗa, ka tambaya ko an saurari faifan ne ko da ido kawai aka ba shi maki.

Mataki na bakwai: wanki da ajiya

Duk tsohon faifai a wanke shi kafin allura ta taɓa shi. Tataccen ruwa da ruwan wankin faifai da burushi mai laushi sun isa, ana bin tsagi a zagaye, ana kiyaye tambari kada ya jiƙe, a bar shi ya bushe sarai. Ruwan da ke da sinadarin alkohol kada ya kusanci faifan 78, domin yana narkar da shi. Bayan wanki ka sa faifan a sabuwar rigar ciki marar ƙarzawa, ka adana tsohuwar a cikin kwali, don ita ma tana cikin shaidar bugu. Ka jera fayafayai a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba, ba kuma a jingine ba, nesa da rana da zafi da laima, domin zafi yana lanƙwasa roba, laima kuma tana kawo fumfuna a kwali da tsagi. Rigunan leda masu kauri na PVC suna iya barin dusashe a fuskar faifai idan aka daɗe, don haka a nemi wasu.

Mataki na takwas: rajista da zama da masu sauraro

Ka buɗe littafi ko fayil tun fayafayanka ba su da yawa. Ka rubuta jagora, da sauran makaɗa, da ranar ɗauka, da kamfani da lamba, da abin da ke filin da babu kiɗa, da yanayin faifan. Rajistar za ta hana ka sayen abu sau biyu, kuma za ta nuna maka inda zuciyarka ta karkata, domin sunan da ya fi yawan maimaituwa a ciki shi ne wanda ya kamata ka zurfafa a kansa.

Sannan ka nemi masu sauraro irinka. Akwai wani tsohon gwaji da marubuci Leonard Feather ya shahara da shi a mujallar DownBeat, inda ake kunna wa makaɗi faifai ba tare da an faɗa masa na wane ne ba, a ce ya faɗi wanda yake ji da kuma ra'ayinsa. Ku yi haka a tsakaninku: ɗaya ya ɗora faifai ya ɓoye kwali, sauran su yi ƙoƙarin gane mai busa da mai ganguna da shekarar ɗauka, kowa ya kawo hujjarsa daga abin da ya ji. Haka kuma idan biyu daga cikinku suna da bugu daban-daban na aiki ɗaya, ku daidaita ƙarfin sauti, wani ya riƙa sauya su ba tare da masu sauraro sun ga wanda ke juyawa ba, kowa ya rubuta zaɓinsa kafin a bayyana. Sakamakon irin wannan zama ne zai gaya maka ko akwai faifan da ya cancanci ka fara neman bugunsa na farko.